Kyawun shafi ba shi ke kawo ciniki ba

Akwai maganar da na gaji da ji daga bakin masu ƙananan sana'o'i: wai in shafinka na intanet bai cika da manyan hotuna, bidiyo da rubutu mai yawo ba, ba wanda zai ɗauke ka da muhimmanci. Na fahimci dalilinsu. Mutum ya ga shafukan manyan kamfanoni, ya zaci adon ne ya ja musu mutane.

Sai dai abin ba haka yake ba. Yawancin masu neman ƙaramin ɗan kasuwa da waya suke nemansa, sau da yawa cikin gaggawa. Kowane babban hoto sai wayar ta sauke shi kafin ya bayyana, ya ci data, ya ci lokaci. Shi ma Google, tun 2019 yake auna sababbin shafuka da yadda suke fitowa a waya, ba a kwamfuta ba.

A ɗauki mai gyaran famfo. Bututu ya fashe wa wata mata da dare, ruwa na malala a ɗaki, hannu ɗaya riƙe da tsumma, ɗaya da waya. Lambarsa take nema, da unguwannin da yake zuwa, da ko yana fita a wannan lokaci. In bidiyo ya tsaya yana juyawa, ta koma baya ta kira wani.

Ado ba laifi ba ne, ni ma ina son shafi mai tsafta. Amma a fara sa lambar waya a sama, wadda da an taɓa ta za ta kira, sannan adireshi da lokutan aiki. A kuma cike Google Business Profile, kyauta ne, shi ke nuna shagonka a taswira.