Karya SIM ba ya biyan bashi

To, wani mutum ne a unguwarmu ya ci bashin manhajar rance ta waya, ya kasa biya. Saƙon cin mutuncin da kamfanin rancen waya ya tura wa surukansa ya yi muni, amma ni shawarar 'yan majalisar hira ce ta fi ƙona min rai. Wai ya karya SIM ɗin ya sayi sabo, shi ke nan an wuce wurin. Wani gwani ma ya haɗa shi da wani yaro a bakin kasuwar Wunti da zai "wanke masa BVN". Ya kuwa biya. Mutumin da bashi ya sha wa kai ya sake ranto kuɗi ya miƙa wa ɗan damfara. Allah Ya saka wa masu shawara!

Jama'a, karya SIM ba ya biyan bashi. Da BVN ka ci kuɗin nan, BVN kuwa yatsunka ne da fuskarka, su ma za ka karya? Kamfanoni 3 ne CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ya ba lasisin ajiye tarihin bashin mutane, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma can bankuna ke kai sunan wanda ya biya da wanda ya noƙe. Yaron Wunti bai da ƙofar shiga can. Wanda ya kai sunanka shi zai gyara shi, bayan ka sauke nauyin. Ga kuma GSI, wani tsarin CBN na karɓo bashi, tun watan Agusta na 2020: in ka sa hannu a kansa ranar karɓar rance, banki na iya bin BVN ɗinka ya zare kuɗinsa daga asusunka na wani bankin. Ku tambayi waɗanda suka ci bashin korona na bankin NIRSAL suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Kuɗi ya shigo da hantsi, kafin azahar alat ɗin cirewa ya biyo sawu.

Na san me za ku rubuto. "Ai kuɗin ruwa haramun ne." Ranar da kake danna "na amince" da ƙarfe biyun dare halal ne? "Ai suna tozarta mutane." Ƙwarai, kuma ba su da wannan hurumin. Ɗauki hoton saƙon ka kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya; Google ma tun 2023 ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Laifinsu daban, bashinka daban.

Tsakani da Allah, na san halin da ake ciki. Albashi ba ya kai ashirin ga wata, ga kuɗin makaranta, ga asibiti. Ba na zagin wanda ya ci bashi. Ɓuyan ne ba na so. Zauna da biro da takarda, rubuta kowa da abin da yake binka, uwar kuɗi gefe, ruwa gefe. Ɗaga wayar nan. In banki ne, taka ka je ka ce ga abin da zan iya bayarwa duk wata, a tsawaita min lokaci, a dakatar da tara. Sun fi son kaɗan-kaɗan a kan babu. Duk abin da kuka shirya a rubuta shi, kuɗi kuma asusun kamfani za ka tura, kada ka kuskura ka ba wani jami'i a hannu. Kada ka ci na wannan manhaja don toshe na waccan, ramin ƙara zurfi yake. Ranar da ka gama, karɓi takardar shaidar kammala biya, sannan ka nemi rahoton bashinka ka gani ko an gyara. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka wannan haƙƙin.

Masu son jawo aya ta 280 a Suratul Baƙara, cewa a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi, gaskiya ne. Amma ta yaya mai bin ka zai san kana cikin ƙunci alhali layinka a kashe?

Af, kafin na manta. Duk wanda ya sa lambata a matsayin mai tsaya masa ba tare da ya tambaye ni ba, wata baiwar Allah na kirana daga Legas kullum da sassafe tana tambayar wani Babangida. Babangida uku na sani a Jahun kaɗai. Mai abin ya zo ya same ni a shago, kuma ya taho da kuɗin katina.