Iya karatu a Indiya: matar ƙauye ce ma'aunin gaskiya

Duk wanda ya ce kashi 73 cikin ɗari na mutanen Indiya sun iya karatu da rubutu bai yi ƙarya ba, abin da ƙidayar 2011 ta nuna ke nan. Sai dai wannan adadi ya haɗa mazaunin birnin Mumbai da matar da ke noma a wani ƙauye na jihar Rajasthan a kwano ɗaya. In aka rarrabe, ga abin da ke fitowa: mazan birni kashi 88.8, matan birni 79.1, mazan karkara 77.2, matan karkara kuwa 57.9.

A lura da na biyu da na uku. Matar birni ta wuce namijin ƙauye. Ashe ba zama mace kaɗai ke hana karatu ba. Inda aka haife ta da nisan makarantar su ne ke ƙara nauyin. Tazarar maza da mata a birni wajen maki 10 ce, a karkara ta kai 19. A ƙauyukan Rajasthan matan da suka iya karatu ba su kai rabi ba, alhali a jihar Kerala mata sun haura kashi 90. Kerala ba jiya ta fara ba: tun 1817 masarautar Travancore, wadda ke mulkin kudancin Kerala a lokacin, ta ɗora wa kanta nauyin biyan kuɗin karatun talakawa.

An ci gaba, babu musu. A 1951 mata ba su kai kashi 9 ba. Amma a ganina ko wannan 57.9 ɗin an yi masa kwalliya, kuma dalilin yana cikin yadda ake ƙirgar. Mai ƙidaya yana lissafa duk ɗan shekara 7 zuwa sama da aka ce yana iya karantawa da rubutawa da fahimta a kowane harshe. Ba ya miƙa wa kowa takarda ya ce karanta mu ji. Sau da yawa maigida ne ke amsawa a madadin kowa, kuma wane uba ne zai ce 'yarsa da ta yi aji uku ba ta iya karatu ba? Ƙungiyar Pratham, da ke bin gidajen karkara tana gwada yara ɗaya bayan ɗaya a bincikenta na ASER, ta sha gano cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin 'yan aji biyu. Waɗannan duk suna cikin "masu karatu" a takarda.

Abin da ya yi aiki kuma ba ɓoyayye ba ne. Abincin rana a makaranta, wanda ya zama shirin ƙasa a 1995, ya jawo 'ya'yan talakawa. Dokar 2009 ta wajabta karatu kyauta daga shekara 6 zuwa 14. Amma daidai shekara 14 ɗin ne yarinyar ƙauye ke zamewa: sakandare na can wani gari, iyaye na tsoron hanya, aikin gida na jira, ga maganar aure. Jihar Bihar ta gane haka a 2006, ta fara ba 'yan matan aji tara kuɗin sayen keke. Dabara ce mai araha, kuma ta taɓa ciwon inda yake.

Keke dai bai kai ga uwar yarinyar ba. Kaso mai yawa na marasa karatu mata ne da suka wuce shekarun makaranta tuntuni, kuma gina azuzuwa ba ya rage su ko ɗaya. Shirin yaƙi da jahilci na Saakshar Bharat, da aka ƙaddamar a 2009 da mata a gaba, ya dogara ga malamai 'yan sa-kai. Matsalar irin wannan aji sananniya ce: ana watsewa lokacin girbi, kuma macen da ta koyi sa hannu, in ba ta da abin karantawa a gida, cikin shekara guda baƙaƙen sun gudu.

Ƙidayar 2021 an ɗage ta saboda korona. Duk adadin da sabuwar za ta kawo wa matan karkara, sai a fara tambaya: su aka gwada, ko mazajensu aka tambaya?