Arahar wa ake lissafawa?

Na karanta wani rubutu da ke cewa rigakafin ruɓewar haƙori ya fi ciko araha. Na yarda da marubucin, amma ya tsallake wanda ribar ke shiga aljihunsa. Bara na kai 'yata asibitin kuɗi, matauninta ya fara yin ɗan kogo. Likitar ta tsane wurin da auduga, ta ɗiga maganin SDF, wani ruwan magani mai tsayar da ruɓewar haƙori, da ɗan tsinke mai gashi, ba allura, ba injin huda, yarinya ko kuka ba ta yi ba. Wurin ya yi baƙi ƙirin, wannan shi ne aibinsa, amma ruɓewar ta tsaya, sai dai a riƙa komawa a sake shafawa. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin cikin jerin muhimman magunguna. To me ya hana shi yaɗuwa? Likitan da ke zaman kansa da aikin hannunsa ake biyansa. Ciko kuɗi ne, in ya lalace a sake wani mafi girma, daga nan sai aikin jijiya ko cirewa. Minti ashirin da zai ɓata yana jan kunnen uwa kan alawa da lemon kwalba, yana ba ta shawarar man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), ba mai biyansa, ga haya ga man janareta. Mai cewa likitoci ne da haɗama, ɗan'uwa, mu ma sai ciwo ya hana mu barci muke zuwa. In inshorar lafiya ba ta biyan kuɗin rigakafi da daraja, wane likita ne zai riƙe asibiti da shi?