Ni da Kawu da bulutut ɗin mota

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijon Bature da muke aikin dare tare ne ya jawo min, shi tun 1980 yake bin wasu mawaƙa 'yan Landan wai su Killing Joke, ya dame ni sai na saurari kundinsu na 2003, wanda suka dawo da shi bayan shekara bakwai shiru, wai Dave Grohl, tsohon mai gangar ƙungiyar mawaƙa ta Nirvana, shi ne ya buga musu ganguna. Na saurara kuma abin ya shige ni, don in kana ɗaga kwali ƙarfe uku na dare babu abin da ke korar gyangyaɗi kamarsa.

To ranar Juma'a mun fito masallaci sai Kawu ya ce in rage masa hanya. Kun dai san Kawu, mutumin da ni ko dariya ba na yi a gabansa, kuma ta hannunsa wata muhimmiyar magana tawa take tafiya. Na buɗe masa ƙofa har da rusunawa, ya zauna yana jan carbi, wani dogo da na sani ya faɗa baya ba wanda ya gayyace shi. Ina murza makulli waya ta haɗu da mota da kanta, ashe tun asuba na bar murya a ƙure.

Jama'a! Ganga ta fashe kamar ana ruwan duwatsu a kan kwanon rufi, jita na gurnani, shi kuma mawaƙinsu Jaz Coleman ya kwarara wani ihu irin na raƙumin da aka danne za a yanka. Kawu ya zabura hularsa ta daki rufin mota ta faɗo cinyarsa, sai innalillahi yake yana laluben ƙofa, ya zaci injin ne ya tarwatse. Ni kuma wayar na can ƙasan aljihun kaftani, bel ya danne ta, na kai hannu in rage sai na kunna abin goge gilashi, na sake kai hannu na danna hon. Mutanen da muka yi sahu ɗaya da su duk sun tsaya suna kallo.

Da ƙyar na kashe. Sai bakina ya ƙara min, na ce Kawu ku yi haƙuri, ai waƙar adawa da yaƙin Iraki ce. Ya gyara hula ya dube ni ya ce to ɗan nan, su da ba sa son yaƙi me kunnena ya yi musu? Ya tambayi sunansu, na fassara masa, wai wasan da ke kisa. Ya ce ai kuwa saura kaɗan.

Amma ni wanda ya fi ƙona min rai wancan dogon ne. Yana baya yana dariya har da dukan kujera, mutumin da nake bin sa fam 40 tun azumin bara, kullum sai ya ce albashi bai shigo ba, amma ya samu datar da zai ba kowa labari kafin la'asar, har da ƙarin wai ina kaɗa kai. Ban kaɗa ba. Ƙafa ce kawai ta ɗan motsa.

Kawu dai jiya bas ya hau.