An bar jaki ana dukan taiki

Tun jiya wannan muryar take yawo a zaurukan WhatsApp, daga Aboabo har Sawaba a Kumasi, wai hedimasta ɓarawo ne tunda ya ce kowane yaro ya kawo kuɗin buga takardun jarrabawa, alhali gwamnati ta ce karatu kyauta ne. To sannunku jarumai, kun kama wanda ya cinye Ghana. A kai shi gaban sarkin Zongo mu huta.

'Yan'uwa, kuɗin da aka karanta a majalisa daban, kuɗin da aka saki daban. Wannan kawai nake so ya shiga kunnenmu. Ministan kuɗi yana karanta kasafi a watan Nuwamba, a tafa, a buga lambobi a jarida. Abin da aka ji ranar alkawari ne, sai an tara haraji tukuna. Idan haraji bai kai abin da aka yi hasashe ba, baitulmali na da jerin gwanonta: albashi a gaba, sai ruwan bashi, sannan a waiwayi alli da benci da rufin aji. Makarantar firamaren unguwa ita ce a wutsiyar layi, kuma kowace shekara wutsiyar ake datsewa.

Mu yi lissafi. Kuɗin da ake ba makaranta a kan kowane yaro domin a daina karɓar kuɗi a hannun iyaye an fara shi a 2005, sidi 3 a shekara. Ya koma sidi 4.50, daga baya ya kai sidi 10 ya daɗe a nan. A shekara fa, ba a wata ba. A lokacin sidi 10 ɗin, makaranta mai yara 300 ke nan ta sami sidi 3,000, a raba zango uku, 1,000 kowane zango. A ciki za a sayi rajista da alli, a gyara ƙofar da ta ɓalle, a kai yara wasanni, a buga jarrabawar darasi takwas ko tara. Je wurin mai fotokofi ka tambayi kuɗin shafi ɗaya, ka ninka da kanka.

Kuma wannan idan kuɗin ya zo ke nan. Hedimasta sai ya rubuta tsarin yadda zai kashe, shugaban kwamitin makaranta ya sa hannu, daraktan ilimi na gunduma ya amince, sannan a jira gwamnati a Ankara (Accra) ta sako. Zango yakan ƙare ba a ga ko kwabo ba, jarrabawa kuwa ba ta jiran baitulmali. Me kuke so ya yi, ya rubuta tambayoyin a bango?

Na san za a ce ai muna biyan haraji. Ƙwarai muna biya, shi ya sa ma nake jin zafi. Tun 2000 aka kafa GETFund, asusun tallafa wa ilimi, ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari a kan kaya da hidimar da VAT ke hawa, da sunan ilimi. Amma a 2017 majalisa ta yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusu rufi, ba za su wuce kashi 25 na harajin ƙasa ba, rarar ta koma babban aljihu. An karɓa da sunan aji, wani kaso ya tafi wani wuri, kuma bisa doka. Sai ga bashin Daakye da aka ci a kan kuɗin asusun na gaba. Wa ya tura murya a lokacin? Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Masu kawo mini zancen jam'iyya, ku riƙe kayanku. Jinkirin sakin kuɗin nan ya ga gwamnatin lema (NDC), ya ga ta giwa (NPP). Masu cewa akwai hedimastocin da ke ci, akwai, a bincike su, kwamitin makaranta na da ikon ganin littafin kuɗi. Amma me za a sata a cikin ɗan kuɗin da bai iso ba?

Karatun sakandare kyauta da aka soma a Satumba 2017 alheri ne, 'ya'yan Zongo da yawa sun shiga ta dalilinsa, ba na musu. Sai dai yaron da ya fito firamare bai iya karanta jimla ba, kyautar ba ta amfane shi da yawa ba. Wallahi abin da ke damuna ke nan, ƙannenmu ne a azuzuwan.

In za mu yi hayaniya, a watan Yuli ya kamata, lokacin da ministan ke komawa majalisa da bitar rabin shekara. A tambayi ɗan majalisarmu nawa aka ware, nawa aka saki, yaushe ya shiga asusun makaranta.

Af, tunda ana maganar haraji: tikitin da ake yanka wa iyayenmu mata kullum a kasuwa, ga kwatar Aboabo da ruwan sama ɗaya ke cikawa. Wani ya taɓa ganin lissafin asambili, wato ƙaramar hukumarmu, a manne a allo?