Karen Kongo mai takardun Amurka

Maƙwabcina a nan Ohio shi da matarsa sun shiga ƙungiyar masu kare, kuma ƙungiyar ta masu irin kare ɗaya ce tak, wanda ake kira basenji. Sai da suka cike fom, suka samo tsofaffin 'yan ƙungiya suka tsaya musu, aka karanta sunayensu a taro, sannan aka ce an karɓe su. Don murna suka gayyace mu, ni da maman yara, zuwa tseren karnukan wata Asabar.

Fili ne fetal da aka aske wa ciyawa, motoci jere kowace da keji a baya, mutane zaune kan kujerun naɗewa da bargo a cinya saboda sanyi. An shimfiɗa doguwar igiya a ƙasa tana karkacewa nan da can, an ɗaura mata fararen ledoji, wani ɗan inji yana jan ta da gudu. Karnuka uku ake saki a lokaci guda, kowanne da 'yar rigarsa, rawaya ko shuɗiya ko ruwan hoda, alƙalai na ba da maki. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to zomon bana a Amurka leda ce. Amma gudu kam sun iya shi, ɗan karen da bai fi kilo 11 ba sai ka ga kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta ji daga Najeriya nake, ta tambaye ni ko na taɓa ganin irinsu. Na ce ƙwarai kuwa, jan gashi, kunnuwa a tsaye, wutsiya a nannaɗe, ai da su muka tashi. Ta yi murmushi ta ce: "A'a, waɗancan karnukan titi ne kawai. Waɗannan suna da asali." Ta ciro waya ta nuna mini jerin iyaye da kakannin karyarta, suna bayan suna, har yatsa ya gaji da ja.

Kafin wani ya fara mini wa'azi, ba ni da kare, ba na kuma shirin ajiyewa. Kun san yadda muke da shi, ba sai na faɗa ba. Duk da haka maganar ta tsaya mini a rai har muka iso gida.

Wahalar da maƙwabtana suka sha kafin su samu karnukan nan, a gabana aka yi ta. Karyar basenji sau ɗaya take neman namiji a shekara, galibi da kaka, saboda haka 'yan kwikwiyon da hunturu suke zuwa. Wanda ya makara sai baɗi. Mai kiwon ta yi musu tambayoyi kan tsayin shingensu da wanda ke wuni a gida, ta sa suka sa hannu cewa in sun kasa riƙo ita za su mayar wa. Da karnukan suka zo kuma, sun cinye hannun kujera da takalman yara, ɗaya har ya koyi hawa shinge. Ba a sakinsu ba igiya, don in suka hango kurege ba kiran da zai dawo da su. Ruwan sama kuwa sai an ja su. Ba sa haushi, saboda yadda maƙogwaronsu yake, sai wani kuka mai kama da guɗa idan maigida ya dawo. Suna lashe jikinsu tas, ba su da warin nan da muka sani.

Ƙungiyar ma ba zaman banza take ba, wannan na yarda. Akwai ciwon ƙoda na gado da ke damun irin, ana ce masa Fankoni, inda sukari ke zuba cikin fitsari. A da, masu karen kan tsoma 'yar takardar gwaji a fitsarin duk wata suna fargaba. Tun 2011 akwai gwajin ƙwayoyin halitta da masana a Jami'ar Missouri suka samar, wanda ke nuna karen da ke ɗauke da ciwon tun kafin a haɗa shi da wata. Wannan aiki ne na mutanen da suka ɗauki abu da muhimmanci.

To amma a tambayi inda "asalin" ya samo asali. Karnukan farko da aka kai Ingila cuta ta kashe su. Sai a shekarun 1930 kiwon ya kama, daga karnukan da aka ɗauko a Kongo, aka nuna su a baje kolin karnuka na Crufts a 1937. A Amurka an kafa babbar ƙungiyar masu basenji a 1942. Duk dubban karnukan da suka biyo baya daga 'yan ƙalilan ɗin nan suka fito, aka rufe littafin rajista, dangi na auren dangi. Da jini ya ƙuntata, sai wasu masu kiwo suka hau jirgi zuwa Zayar, sunan Kongo a wancan lokacin, a 1987 da 1988, suka bi ƙauyuka suna neman karnuka a hannun mutanen gari. A 1990 hukumar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, ta buɗe littafin ta shigar da su. Ke nan karen da jiya yake kwance a bakin bukka ba takarda, da aka buga masa hatimi ya zama mai asali.

Na san wani zai ce namu suna haushi, basenji ba ya yi, don haka ba iri ɗaya ba ne. Haka ne, Kongo daban, ƙasarmu daban. Amma dattijuwar ba zancen haushi ta yi ba. Mafarautan da suka rataya wa karen nan ƙararrawar itace a wuya don su san inda yake a kurmi, suka koya masa koro nama zuwa raga, su ne suka yi shi, zuriya bayan zuriya. A duk jerin da aka nuna mini ban ga sunan ko ɗayansu ba. Azawak ma, dogon karen nan na Buzayen Mali da Nijar, AKC ta karɓe shi a 2019, shi ma yanzu ya zama abin yayi mai lambar rajista.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙin da takarda ke yi wa dabba. Hajiyarmu har yau ba ta ga jikarta ido da ido ba, takarda ta hana, ni kuma fita ta yi mini wuya saboda tawa takardar da nake jira. Yarinyar kuwa ta haddace sunayen karnukan maƙwabta har da na uwarsu, amma in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Kullum roƙonta: "Baba, a saya mana, ai ɗan Afirka ne irinmu."

Ran nan muna waya ta bidiyo da Hajiya, yarinyar ta ruga bakin shinge ta juya wayar don ta nuna mata su. Hajiya ta kalla ta ce: "Ke 'yar nan, wannan ai karen mafarauta ne, je ki wanke hannu." Sannan ta tambaye ni ko bana za mu zo. Na ce mata, Hajiya, a dai ci gaba da addu'a, takarda ba ta fito ba.