Manhajar hira da maganar rage ƙiba

Ƙarfe sha ɗaya na dare, saurayi yana kwance yana latsa waya, ƙamshin indomi da ƙwai na tasowa daga teburin mai shayi a bakin layi. A wannan lokaci babu likitan da zai ɗaga masa waya, amma ChatGPT ko Meta AI da ke cikin WhatsApp za su amsa masa nan take. Amfanin manhajar hira ke nan, kuma ban raina shi ba. Ba ta gajiya, ba ta yi wa mutum dariyar teɓa, tana iya riƙe masa lissafin abin da ya ci da tafiyar da ya yi.

Matsalar ƙiba kuwa babba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa, kuma a tsakanin matasa abin ya ninka sau huɗu daga 1990. Asibitoci ba za su iya bin kowa gida ba.

Sai dai manhajar tana da halin bara mai son faranta wa ubangidansa. Ka ce mata kana son zubar da kilo goma kafin biki, sau da yawa sai ta shiga tsara maka hanya, alhali ba ta ga jikinka ba, ba ta san kana da gyambon ciki ko ciwon suga ba. A 2023 wata ƙungiya a Amurka mai taimakon masu larurar cin abinci ta dakatar da manhajarta mai suna Tessa, bayan an same ta tana ba masu wannan larura shawarar ƙirga kalori da rage nauyi, wato ainihin abin da ke ƙara musu ciwo.

Ga kuma kwanonmu. Manhajar hira giram ta sani, mu kuwa malmala muka sani. Wa ya taɓa auna man da ƙosai ya sha a kasko, ko sukarin da mai fura ta zuba? Lissafinta a nan kintace ne, amma da ƙarfin hali take faɗa kamar ta auna.

Ni dai zan bar mata aikin tunatarwa: minti 150 na motsa jiki a mako, rage lemon kwalba, kwanciya da wuri. Maganar kilo nawa ya kamata mutum ya sauke, da ko jikinsa zai ɗauka, wannan sai an hau sikeli an auna jini a gaban ma'aikacin lafiya.